SABUNTA TUNANI: MAGANA GA UWAYENMU DA 'YAN'UWANMU MATA

Karatu: Romawa 12:1-2, Afisawa 4:22-24, Filibiyawa 4:2-9

Gaisuwa ta musamman ga uwayenmu da 'yan'uwanmu mata na Zumunta a nan Minna, daga Bosso zuwa Chanchaga, Maitumbi, Tunga da Kpakungu, da masu jin mu a Paiko, Kuta, Gwada, Sarkin Pawa da sauran wurare. Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a buɗe shi. Idan akwai wadda ba ta iya karatu ba, yaro ko yarinya su karanta mata wuraren da za mu ambata.

Tambayar da ke gabanmu yau ita ce: me ya sa mace za ta yi shekara ashirin tana zuwa sujada, tana waƙa, tana ba da baiko, amma tsoron da take da shi kafin baftisma yana nan, fushin da ta shigo da shi yana nan? Amsar Manzo Bulus ita ce, girma cikin Ruhu yana bi ta hanyar tunani. Inda tunani bai sake ba, hali ba ya sakewa.

Abin da Bulus yake nufi

Bulus ya rubuta wa masu bi na Roma daga Koranti. A sura 16 ya gabatar musu da wata mace mai suna Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, kuma masana da yawa suna ganin ita ce ta kai wasiƙar. A surar nan ya gai da Bilkisu matar Akila, da uwar Rufas wadda ya ɗauka kamar uwarsa, da wasu mata masu wahala cikin aikin Ubangiji. Saboda haka kada wata ta ce wannan koyarwa ta fastoci ce da dattawa. Tun ranar farko mata suna cikin masu jin ta.

A sura 12 aya 2, Bulus ya gargaɗe mu kada mu bar zamanin nan ya ba mu siffarsa. A wasu wurare mai ginin tukwane takan kife tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a kanta tana bubbugawa, sai sabuwar ta ɗauki kamannin tsohuwar. Haka zuciya take. Abin da muka ji a gidan iyaye, da abin da ake faɗa a kasuwa, a bakin famfo da cikin waya, duk suna bubbuga mu kowace rana har mu ɗauki siffarsu ba mu sani ba.

Sai Bulus ya ce a bar Allah ya sake mu ta wurin sabunta hankalinmu. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita domin wannan sakewa ita ce Markus ya yi amfani da ita a sura 9 aya 2, lokacin da kamannin Yesu suka sake a kan dutse. Canji ne da ke fitowa daga ciki. Ruhu Mai Tsarki ne mai yin sa, namu shi ne mu miƙa kai, mu riƙa kawo tunaninmu gaban Maganar Allah.

A Afisawa 4 ya kwatanta abin da sa tufafi: a tuɓe tsohon hali, a sabunta hankali, sa'an nan a yafa sabon hali. Uwayenmu sun san ba a ɗaura sabon zanen Zumunta a kan jikin da ya dawo daga gona ba wanka. Sabunta hankali shi ne wankan da ke tsakanin tuɓewa da yafawa. Wadda ta tsallake shi, zanen zai yi kyau ranar taro, amma mutanen gida sun san abin da ke ƙarƙashi.

Kaya uku da ke danne kai

Akwai hikima a al'adar Gbagyi. Mace takan ɗauki itace ko doya a kafaɗa, ba ta ɗora wa kai, domin kai yana da daraja, shi ne mai yi wa dukan jiki tunani. Amma mata da yawa da ba su taɓa ɗora wa kansu ƙwarya ba suna ɗauke da kaya masu nauyi a cikin kan. Bari mu duba guda uku.

Na farko, tsoro. Ba za mu ce babu abin tsoro ba. Mun tuna bam ɗin da aka tayar a cocin St. Theresa na Madalla ranar Kirsimati ta 2011. Mun tuna yaran makarantar Kagara da aka kwashe a Fabrairu 2021, da ɗalibai da malaman makarantar St. Mary ta Papiri a Nuwamba 2025. Iyalai da yawa daga Shiroro, Munya da Rafi sun bar gonakinsu da rumbunansu. A Fabrairu 2024 mata sun fito kan hanya a Kpakungu saboda tsadar abinci. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma Allah bai ce mu yi kamar ba mu gani ba.

Amma tsoro ba ya tsayawa inda ya fara. Yakan zauna ya zama maigida. Daga nan sai yaro ya yi zazzaɓi, maimakon a kai shi asibiti a gwada jini, a fara neman wace tsohuwa ce ta kama shi. Sai laya ta koma ƙugun jariri a ɓoye, uwar kuwa tana cikin mawaƙa ranar Lahadi. Tsohon tunani yana cewa akwai wani iko da ya fi ƙarfin Yesu a gidan nan. Kolosiyawa 2:15 ta koya mana cewa a kan gicciye Almasihu ya ƙwace makaman ikokin duhu, ya kunyata su a fili. Romawa 8:38-39 kuma ta tabbatar mana ko mutuwa ba ta iya raba mu da ƙaunar Allah. Mace mai sabon tunani tana kulle ƙofarta da dare, tana gudu idan gudu ya kama, tana kai ɗanta wurin likita, amma ba ta durƙusa wa tsoro.

Na biyu, rena kai. Wata tana cewa a ranta, ni ban haihu ba, ba ni da amfani. Wata tana cewa, mijina ya mutu, tawa ta ƙare. Wata kuma, ban yi makaranta ba, me zan faɗa a gaban mutane? Ku duba Hannatu a 1 Sama'ila sura 1. Kishiyarta Feninna tana tsokanarta shekara da shekaru saboda rashin haihuwa, har ta kasa cin abinci. Ta je Shilo ta zuba wa Allah dukan abin da ke zuciyarta. Ku lura da aya 18: ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta sake. A wannan rana ba ta da ciki tukuna, Feninna kuma tana nan. Abin da ya fara canjawa shi ne abin da ke cikin Hannatu. Ta daina auna kanta da mudun kishiya.

Ku duba Na'omi kuma. Da ta koma Baitalami ta ce ta dawo hannu wofi, alhali Rut tana tsaye kusa da ita, Rut wadda daga baya matan garin suka ce ta fi mata 'ya'ya maza bakwai. Baƙin ciki ya hana ta ƙirga abin da ya rage mata. 'Yar'uwa, darajarki ba ta zo da sadaki ba, ba ta tafi da mutuwar miji ba. An halicce ki cikin kamannin Allah, an kuma fanshe ki da jinin Ɗansa.

Na uku, riƙo. Ikkilisiyar Filibi ta fara ne da mata masu addu'a a bakin kogi, har da Lidiya mai sayar da tufafi masu tsada, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ta nuna. Amma bayan wasu shekaru, mata biyu na wannan ikkilisiya, Afodiya da Sintiki, suka saɓa, har labarin ya kai wa Bulus a kurkuku. Bai ce su marasa bi ba ne. Ya shaida sun yi fama tare da shi cikin aikin bishara. Abin da ya roƙe su shi ne tunaninsu ya zama ɗaya cikin Ubangiji. Sau nawa Zumunta ke rabuwa biyu saboda kuɗin adashi, ko zaɓen shugaba, ko maganar da aka yi a wurin biki shekara biyar da suka wuce? Mai riƙo tana kwana tana maimaita laifin a kanta, kamar mai ɗumama tsohuwar miya kowace safiya. Wadda ta yi mata laifin tana barcinta.

Yadda tunani ke sabuntuwa

Ba a korar duhu da tsintsiya, fitila ake kunnawa. Haka kuma ba a fitar da tsohon tunani ta wurin cewa ba zan ƙara tunawa ba. Sai an sa wani abu a gurbinsa. Ga hanyoyi huɗu.

Ɗaya, Maganar Allah ta shiga ta harshen da zuciya ke ji. Allah ya yi mana alheri a nan. An buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ta aikin Dokta Walter Miller da abokan aikinsa, har da Dokta Andrew Stirrett na SIM, wanda aka sani da Bature Mai Magani. An kuma sake fassara shi a 1979. Akwai Littafi da Nufanci, akwai Sabon Alkawari da Gbagyi da harsunan Kambari, ana kuma iya sauraron karatun a waya. A Nehemiya 8, da Ezra ya karanta Shari'a a gaban maza da mata, Lawiyawa sun bi suna bayyana ma'ana har kowa ya gane. Saboda haka idan an karanta aya da Hausa a gida, a sake faɗinta da Gbagyi, ko Nufanci, ko Kamuku, ko Adara, domin kaka ma ta samu rabonta. Aya ɗaya a mako, wadda aka haddace ana maimaitawa wurin daka da wurin shara, ta fi sura goma da aka karanta da gyangyaɗi.

Biyu, a tankaɗe tunani. Filibiyawa 4:8 ta ba mu rariya: a tsaya a kan abin da yake gaskiya, mai tsabta, mai adalci, wanda ya isa yabo. Idan magana ta zo, ko daga maƙwabciya ko daga waya, tambaya ta farko ita ce, gaskiya ce? Wa ya gani? Ta biyu, idan na riƙe ta, za ta kai ni kusa da Allah ko nesa? Ba wadda ke zuba garin tuwo a tukunya ba tankaɗe, amma muna barin kowace jita-jita ta faɗa cikin zuciya da tsakuwarta.

Uku, a mai da damuwa addu'a, tare da godiya. Wannan ita ce koyarwar aya 6 da 7. A kira damuwar da sunanta a gaban Allah: kuɗin makaranta, gonar da aka bari, mijin da ke shan giya, ɗan da ya daina zuwa sujada. Sa'an nan a ƙirga abu uku na godiya na wannan rana. Alkawarin shi ne salamar Allah za ta yi gadin zuciya da tunani, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Mu tuna wanda ya rubuta wannan yana ɗaure ne a lokacin.

Huɗu, kada a zauna ita kaɗai. Titus 2:3-5 ya ba manyan mata aikin koya wa ƙanana. Wannan ne ainihin aikin Zumuntar Mata, kafin ganga da tulu da rawa. Idan akwai wadda ta gudo daga ƙauye, ko ta ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ba ta barci, ba ta cin abinci, kada a ce mata rashin bangaskiya ne. A zauna da ita, a saurare ta, a yi addu'a, a kuma raka ta wurin ma'aikatan lafiya. Iliya ma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi abinci ne da barci.

Kada mu gaji

Wannan aiki ba na dare ɗaya ba ne. Manomin doya yakan binne iri, ya rufe da ciyawa, ya kafa sanda, ya yi wata da watanni kafin ya ga abin da ke cikin ƙasa. Ba ya tonawa kowace safiya. 2 Korantiyawa 3:18 ta nuna ana sake mu ne mataki mataki zuwa kamannin Ubangiji. Alamar girma takan zama ƙarama da farko: yau an zage ki ba ki rama ba, gobe kin gai da wadda kika yi shekara ba ki gaishe ta ba, jibi kin kwance layar nan kin ƙone.

Amfanin kuma ba naki kaɗai ba ne. Bangaskiyar Timoti ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Abin da ke kan uwa shi yara ke sha tare da kunu. Ku kuma iyayenmu maza da ke sauraro, kada bakinku ya rushe da dare abin da Allah ya gina da rana. Ku bar matanku su je Zumunta, ku karanta tare da su.

Domin tattaunawa a gida

1. Cikin kaya ukun nan, wanne ne ya fi nauyi a gidanmu?
2. Wace aya za mu haddace a wannan mako, kuma wa zai faɗe ta da harshenmu?
3. Akwai wadda ya kamata mu je mu shirya da ita kafin Lahadi?

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode domin ka san abin da ke cikinmu, duk da haka kana ƙaunarmu. Ka sauke wa uwayenmu da 'yan'uwanmu kayan tsoro, da rena kai, da riƙo. Ka ta'azantar da waɗanda suka rasa gida da 'yan'uwa, ka ba ƙasarmu salama. Ka cika tunaninmu da gaskiyarka ta wurin Ruhunka Mai Tsarki. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, Ubangiji ya tsare mu duka.