Tantance Asusun ETF: Abin da ke Hannun Manaja da Abin da ke Hannun Kasuwa

Asusun zuba jari da ake cinikinsa a kasuwar hannun jari, wanda masu harkar suke taƙaita sunansa da ETF, tarin dukiya ne da kamfani guda yake haɗawa da kuɗin mutane masu yawa, ya sayi hannayen jarin kamfanoni ko zinare ko takardun bashi, sannan ya kasa mallakar dukiyar zuwa ƙananan kaso waɗanda ake saye da sayarwa muddin kasuwa tana ci. Galibin irin waɗannan asusu ba da ra'ayin manaja suke zaɓen abin da za su saya ba. Sawun wani ma'aunin kasuwa suke bi, wato jerin kamfanoni da aka tsara domin hawa da saukar farashinsu ya nuna halin da kasuwa take ciki. Irinsa na farko ya bayyana a kasuwar Toronto ta Kanada a 1990, amma wanda ya fi shahara shi ne SPDR S&P 500, da aka fi sani da SPY, wanda kamfanin State Street ya buɗe a Amurka a Janairun 1993 domin bin ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin ƙasar kimanin 500.

Kuskuren da ya fi yawa wajen auna irin wannan asusu shi ne a dubi ribar shekara kaɗai a yanke wa manaja hukunci da ita. A 2008, lokacin durƙushewar harkar kuɗi ta duniya, ma'aunin S&P 500 ya yi asarar kusan kashi 37 cikin 100, SPY ma ya faɗi kusan daidai haka, kuma duk da zafin wannan asara manajansa bai saɓa alkawari ba, domin abin da aka ɗora masa shi ne ya bi ma'aunin duk inda ya nufa. Makiyayin da aka ba kiwo ba a yaba masa don dabbobi sun yi ƙiba da damina, ba a kuma zarginsa don sun rame da rani. Abin da ake tuhumarsa a kai shi ne ko garken ya dawo cif, da kuma nawa ya karɓa ladan kiwo.

Saboda haka abin dubawa na farko shi ne giɓin bin sawu, wato bambancin da ke tsakanin ribar ma'auni da ribar asusu a tsawon lokaci guda. Idan ma'auni ya tashi da kashi 12 asusu kuma ya tashi da kashi 11.5, wannan rabin kason da ya ɓace shi ne ainihin abin da mai jari ya biya, ko an rubuta shi a takarda ko ba a rubuta ba. Giɓin yana fitowa daga ladan gudanarwa, da la'adar dillalai idan an sauya kamfanonin da ke cikin ma'auni, da kuma kuɗin da ke zaune ba a juya su ba. Tsarin doka ma yana da hannu a ciki: SPY an gina shi a kan wani tsohon tsarin amana da bai ba shi damar sake zuba rabon ribar kamfanoni a kasuwa ba, sai dai ya ajiye kuɗin har lokacin biyan masu jari bayan kowane wata uku. Giɓin shekara guda ba ya isa hujja. Sai an jera na shekara uku ko biyar kafin a gane manajan da ke riƙe da linzami.

Ladan gudanarwa shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ana cire shi kaɗan-kaɗan daga cikin dukiyar asusu ba tare da an aiko wa kowa takardar biya ba. SPY yana cire kashi 0.0945 cikin 100 a shekara, yayin da VOO na Vanguard da IVV na iShares, waɗanda ma'auni ɗaya suke bi da shi, suke cire kashi 0.03; a kan dala 10,000 wannan na nufin dala 9.45 a SPY, dala 3 a kowanne daga sauran biyun. Inda ladan ya kai kashi 1 cikin 100 lissafin yana da nauyi ƙwarai. A ƙaddara naira miliyan 1 tana haɓaka da kashi 10 kowace shekara: bayan shekara 20 za ta kai kusan miliyan 6.7, amma idan lada ya rage haɓakar zuwa kashi 9 za ta tsaya a kusan miliyan 5.6, wato abin da ya salwanta ya zarce uwar kuɗin da aka fara da ita.

Akwai kuma farashi biyu da ya wajaba a bambanta: darajar kadarorin da ke bayan kowane kaso, wadda manaja yake wallafawa, da farashin da kason yake ci a kasuwa. Abin da ke haɗa kansu shi ne manyan dillalai masu izini, waɗanda suke miƙa wa asusu hannayen jari su karɓi sababbin kaso idan farashi ya haura daraja, su kuma mayar da kaso su karɓi hannayen jari idan ya yi ƙasa. Wannan tsari yakan yi tuntuɓe a ranar firgici, kamar safiyar 24 ga Agustan 2015 a Amurka, lokacin da wasu asusu suka faɗi da fiye da kashi 20 alhali kadarorinsu ba su faɗi ko kusa da haka ba. A kasuwar hannun jari ta Nijeriya, inda cinikin ETF bai kai na manyan kamfanoni yawa ba, ratar da ke tsakanin tayin mai saye da sallamar mai sayarwa tana iya cinye abin da ya fi ladan shekara guda a ciniki ɗaya.

Ko da an zo kan riba, sai an auna ta da mudun da ya dace. Asusun Lotus Halal Equity, wanda ya shiga kasuwar Nijeriya a 2014, yana bin ma'aunin da ya keɓe bankunan da ke hulɗa da kuɗin ruwa da kamfanonin giya da na caca, don haka ba adalci ba ne a gwada shi da ma'aunin kasuwa baki ɗaya a shekarar da bankuna suka ja gaba. NewGold, da aka shigar a 2011, zinare ne a bayansa, kuma tashin farashinsa da naira bayan an saki darajar kuɗin a Yunin 2023 ya samo asali ne daga faɗuwar naira da tsadar zinare, ba daga wata dabarar manaja ba. Haka nan a 2024 ma'aunin kasuwar Nijeriya baki ɗaya ya tashi da kusan kashi 38, amma hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar, ta yadda abin da ya rage wa mai jari na ƙarfin saye ɗan kaɗan ne.

Duk wanda yake shirin sa kuɗinsa a irin wannan asusu ya nemi takardar bayanin asusun da rahotonsa na shekara, ya duba ma'aunin da yake bi da ladan da yake cirewa da sunan bankin da ke ajiye kadarorin dabam da dukiyar manaja, sannan ya tabbatar asusun yana da rajista da Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya, wato SEC, kafin ya ba dillalinsa umarnin saye.