Yaushe Ake Ɗage Dokokin Annoba?

Kafa dokar kulle a farkon annoba ya fi ɗage ta sauƙi ga kowace gwamnati, domin a farko tsoro yakan haɗa kan jama'a har su yarda a rufe kasuwa da makaranta da wurin ibada, amma idan aka zo batun buɗewa sai ra'ayi ya rabu: likita yana duban gadajen asibiti, ɗan kasuwa yana duban jarinsa da ke narkewa, uwa kuma tana duban ɗanta da ya shafe watanni bai ga allo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin lamarin ta-ɓaci da ya shafi lafiyar duniya baki ɗaya a ranar 30 ga Janairun 2020, kuma ba ta janye wannan matsayi ba sai a ranar 5 ga Mayun 2023. A ranar da aka janye shi cutar tana nan tana kashe mutane, kuma shugaban hukumar, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya bayyana cewa mutuwar da aka kai wa hukumar rahotonta ta kusa miliyan 7, alhali ainihin adadin bai gaza miliyan 20 ba. Ke nan abin da aka sanar a ranar shi ne cewa cutar ta tashi daga abin da ake tunkara da dokar gaggawa ta koma cikin cututtukan da asibitoci za su ci gaba da fama da su yau da gobe.

Akwai cututtukan da ƙarshensu yake da ma'auni bayyananne, kuma Ebola ce misali mafi kusa. Lokacin ƙyanƙyasar ƙwayar cutar, wato tazarar da ke tsakanin shigarta jiki da bayyanar alamunta, ba ya wuce kwana 21, saboda haka masana suka ninka wannan adadi suka ce idan ƙasa ta yi kwana 42 ba a sami sabon mai ɗauke da ita ba, an katse yaɗuwarta. Da wannan ma'auni aka wanke Najeriya a ranar 20 ga Oktoban 2014, wata uku cif bayan wani matafiyi daga Laberiya ya sauka da cutar a Legas, kuma bayan ta kashe mutum 8, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana shi fita daga asibiti. Ko wannan ma'aunin ma bai kuɓuta daga tangarɗa ba, don an wanke Laberiya a watan Mayun 2015 amma cutar ta sake ɓullowa kafin ƙarshen Yuni, kuma bincike ya tabbatar da cewa ƙwayar tana iya ɓuya a jikin wanda ya warke har tsawon watanni. Duk da haka, Ebola cuta ce da ake iya bin sawunta mutum bayan mutum, domin sai alamunta sun bayyana take yaɗuwa, kuma ta hanyar taɓa jini ko sauran ruwan jiki.

Korona ta sha bamban da haka ta kowace fuska. Tana bin iska, mutumin da bai san yana ɗauke da ita ba yana iya shafa wa na kusa da shi, tana rayuwa a jikin wasu dabbobi, tana kuma sauya kama lokaci bayan lokaci ta yadda wanda ya taɓa kamuwa ko ya yi rigakafi zai iya sake kamuwa. Cutar da take da waɗannan halaye ba a jiran ranar ɓacewarta, sai dai ranar da za ta zama zaunanniya, wato ta kasance tana yawo cikin al'umma a wani mizani da ake iya hasashensa kuma asibitoci suke iya ɗauka. Ya kamata a lura cewa zama zaunanniya ba ya nufin cuta ta yi laushi: zazzaɓin cizon sauro zaunannen ciwo ne a Afirka, kuma yana kashe dubban ɗaruruwan mutane a kowace shekara, mafi yawansu yara ƙanana. Saboda haka duk gwamnatin da ta ɗage dokokin korona ta amince ne da wani adadi na rashin lafiya da mutuwa, ko ta faɗa da bakinta ko ba ta faɗa ba, kuma wannan hukunci ne da ilimin likita kaɗai ba ya iya yankewa.

Tarihi ya nuna haɗarin gaggawa tun zamanin murar 1918. Birnin St. Louis na Amurka ya rufe makarantu da wuraren taro da wuri, mutuwa ta yi ƙasa, sai mahukunta suka sassauta a tsakiyar Nuwamba, cutar ta dawo da ƙarfi har aka sake rufewa. A San Faransisko an cire takunkumin fuska a ranar 21 ga Nuwamban wannan shekara cikin murna, amma a watan Janairun 1919 dole aka maido da dokar, a wannan karon kuwa jama'a sun gaji, har wasu suka kafa ƙungiyar adawa da takunkumin. Binciken da Howard Markel da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 kan biranen Amurka 43 ya gano cewa biranen da suka ɗauki mataki da wuri suka kuma daɗe a kansa sun fi ƙarancin mutuwa. Dalilin kuwa a fili yake: kulle ba ya kashe ƙwayar cuta, yana dai raba ta da mutanen da ba su da garkuwa na wani lokaci, kuma idan aka buɗe ƙofa alhali waɗannan mutane suna nan yadda suke, cutar za ta ɗora daga inda ta tsaya.

Daga nan ake gane cewa kulle jinkiri ne da ake saye da tsada, kuma abin da ake auna gwamnati da shi shi ne amfanin da ta yi da jinkirin. Ƙasashe biyu, Denmak da Sin, sun ɗage dokokinsu a cikin shekara guda, amma sakamakon ya bambanta nesa ba kusa ba. Denmak ta cire dukkan dokokinta a ranar 1 ga Fabrairun 2022, a daidai lokacin da nau'in Omikron yake kama dubban mutane a kullum a ƙasar da yawan jama'arta bai kai miliyan 6 ba. Mahukuntan ƙasar sun kafa hujja da cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'a sun yi allura biyu, fiye da rabi sun yi ta uku, kuma duk da yawan masu kamuwa, adadin waɗanda ke kwance a sashen kulawa ta musamman yana raguwa. Ma'ana, alaƙar da ke tsakanin kamuwa da mummunar jinya ta yi rauni, don haka ƙidayar masu kamuwa ta daina zama ma'auni mai amfani. Abin lura kuma shi ne Denmak ta taɓa buɗewa a watan Satumban 2021, da ta ga lamarin ya sake taɓarɓarewa ta maido da wasu dokoki a Nuwamba ba tare da jama'a sun yi bore ba, saboda tun farko an gaya musu cewa buɗewar tana da sharaɗi.

Sin kuwa ta riƙe manufar hana yaɗuwar cutar kwata-kwata har kusan shekara uku, kuma a farko manufar ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma da Omikron ya zo, tsadar manufar ta ninka: an kulle birnin Shanghai mai mutum kimanin miliyan 25 har wata biyu a 2022, kuma bayan gobarar da ta kashe mutum 10 a wani bene a birnin Urumqi a ranar 24 ga Nuwamba, zanga-zanga ta ɓarke a birane da dama, inda jama'a suka zargi shingayen kulle da hana agaji isa da wuri. A ranar 7 ga Disamba gwamnati ta rushe mafi yawan dokokin kusan lokaci guda, ana cikin hunturu, alhali tsofaffin da suka haura shekara 80 mafi yawansu ba su karɓi allura ta uku ba. Asibitoci suka cika maƙil, magungunan zazzaɓi suka yi wuya, kuma hukumomin ƙasar da kansu sun amsa cewa kusan mutum 60,000 sun mutu a asibitoci tsakanin 8 ga Disamba da 12 ga Janairu, ban da waɗanda suka cika a gidajensu. Abin takaicin shi ne gargaɗin ya riga ya zo daga Hong Kong a farkon 2022, inda Omikron ya yi wa tsofaffin da ba su yi rigakafi ba mummunar ɓarna. Laifin bai tsaya ga ranar da aka zaɓa ba. Shekarun da aka yi ana gwajin miliyoyin mutane a kullum ba a yi amfani da su wajen kai allura ga waɗanda cutar ta fi kashewa ba.

Ingila ta gwada wata hanya da ta cancanci nazari ko da an soki wasu fannoninta. A ranar 22 ga Fabrairun 2021 gwamnatin Boris Johnson ta shimfiɗa tsarin buɗewa mai matakai huɗu, da tazarar aƙalla mako biyar tsakanin kowane mataki da na gaba, mako huɗu don a ga tasirin matakin baya a alƙaluma, mako ɗaya don a sanar da jama'a. Ta kuma bayyana sharuɗɗan da za a duba: ko rigakafi yana ci gaba yadda aka tsara, ko yana rage kwanciya asibiti da mutuwa, ko yawan kamuwa zai iya danne asibitoci, da ko wani sabon nau'i ya sauya lissafin. Da nau'in Delta ya bayyana, sai aka ɗage matakin ƙarshe daga 21 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli. Darajar wannan tsari ita ce mai shago da shugaban makaranta sun san abin da ake jira, kuma sun sami abin da za su tuhumi gwamnati da shi idan ta saɓa.

Sai dai zai zama zalunci a auna ƙasashe matalauta da ma'aunin Denmak. An ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris na 2020, aka fara sassautawa a ranar 4 ga Mayu alhali adadin masu kamuwa yana hawa, kuma ba wani abu ya tilasta haka ba illa yunwa, domin mai turin baro da mai sayar da ƙosai da ɗan dako sai sun fita suke samun na cefane, kuma tallafin da aka raba bai isa ko'ina ba. Mutanen Kano, waɗanda aka kulle birninsu a watan Afrilu har dokar ta ratsa cikin azumi, sun san wannan ƙunci da idonsu. Uganda ta bar makarantunta a rufe kusan shekara biyu, sai a Janairun 2022 ta buɗe su gaba ɗaya, kuma yara da yawa ba su koma aji ba, wasu sun shiga aikin ƙarfi, 'yan mata da dama kuma an aurar da su ko sun ɗauki ciki. Cutar da ta fi kashe tsofaffi aka ɗora wa yara mafi nauyin kuɗin kare ta, a ƙasar da rabin jama'arta yara ne. Dokar da ta daɗe fiye da amfaninta tana da nata gawawwakin, sai dai ba a ƙirga su a sanarwar yamma ta hukumar lafiya, kuma tana cinye amanar da gwamnati za ta buƙata idan wata annoba ta zo.

Aikin Hajji ya nuna yadda ake buɗewa daki-daki: a 2020 an taƙaita shi ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya, a 2021 aka yarda wa mutum 60,000 da suka yi rigakafi, su ma daga cikin ƙasar, a 2022 aka buɗe wa maniyyatan waje da iyakar mutum miliyan ɗaya, sai a 2023 aka cire ƙayyadewar adadi da ta shekaru.

Ɗage doka kuma ba ya sauke nauyin da ke kan hukuma, yana dai sauya masa siffa. Mai ciwon daji da ke karɓar magani, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da tsohon da ke fama da ciwon sukari, duk haɗarinsu yana ƙaruwa ne a ranar da kowa ya ajiye takunkumi, don haka su ne ya kamata a fara tanadar wa allurar ƙari da magani da iska mai tsabta a ɗakunan jinya. Sannan da zarar an daina gwajin jama'a sai idon hukuma ya rufe, shi ya sa ƙasashe da yawa suka koma ga binciken ruwan magudanu, inda ake ɗibar ruwan ƙazanta na unguwa a gwada shi don gano ƙwayar cuta tun kafin marasa lafiya su fara cika asibiti. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a arewacin Najeriya, domin ma'aikatan yaƙi da shan inna sun shafe shekaru suna ɗibar irin wannan ruwa daga magudanun Kano, kuma ba su daina ba ko bayan da aka tabbatar a ranar 25 ga Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.