Busasshen Nama Ba Dafaffe Ba Ne: Jan Kunne Ga Masu Yi Wa Karnuka Ƙwalama A Gida

Wata Litinin a kasuwar Kakuri na tsaya bayan wata mata a gaban teburin mahauci. Ba tsoka ta saya ba, huhu ta sa aka yanka mata, da hanta, sai ƙundun kaji cike da leda. Mahaucin ya ce, "Madam, yau farfesu za a sha ke nan?" Ta yi dariya ta ce na karnukanta ne guda biyu masu gadi a Barnawa. Abincin kare na kanti ya fi ƙarfin aljihu, shi ya sa ta sayi na'urar busar da abinci tana yi musu abin taunawa da kanta.

Dabarar ba laifi, kuma daga Narayi zuwa Sabon Tasha gidajen da ke da karen gadi ba su ƙirguwa. Amma akwai abin da mai sayar da na'urar ba zai tsaya ya gaya maka ba.

Na'urar akwati ce mai tire hawa-hawa, da fanka da ke hura iska mai ɗumi. Yawancin irin waɗannan na'urori zafinsu ba ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, kuma naman da ke ciki bai kai hakan ba, domin ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Kafin naman ya ɗauki zafi sosai ya riga ya bushe, ƙwayoyin cuta irin su salmonela kuwa sun fi jure zafi a busasshen wuri. Sai ka ga nama ya yi ƙarau, ga ƙamshi, alhali cutar tana nan kwance. Saboda haka ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da shawarar a fara dafa naman har cikinsa ya kai digiri 71, na kaji kuma 74, sannan a jera a tire. Wanda ya riga ya busar da ɗanye, ya sa shi a oben mai zafin digiri 135 na minti goma.

Masu kilishi sun san wannan tun kafin a ƙera na'ura. Bayan sun shanya a rana, sun tsoma a labu, sun sake shanyawa, ba sa miƙa wa mai saye sai sun ɗora a kan garwashi.

Kada a ce ai kare ne, cikinsa na narka komai. Sau da yawa karen ba zai nuna alamar komai ba, amma ƙwayar cutar tana fita a kashinsa. Wa ke rarrafe a tsakar gida? Wa ke ɗaukar guntun da karen ya yar ya kai baki? Yaron gida shi ne farkon wanda gudawa da zazzaɓi za su kayar. A ware wa wannan aiki wuƙarsa da katakonsa, a wanke hannu da sabulu, tiren kuma kada a busar da kuɓewa ko tumatir a kansa sai an wanke shi da ruwan zafi.

Sai maganar wuta. Aikin yakan ci awa shida zuwa goma, wani lokaci fiye. Ni kaina na taɓa kunna na'urar wani maƙwabci da daddare, aka ɗauke wuta muna barci, da asuba muka buɗe sai wari ya tarbe mu. Nama ya kwana cikin ɗumi da laima, babu abin da ƙwayar cuta ke so kamar haka. Idan ba ka da tabbacin janareto ko sola, kada ka fara. Wanda kuma ya ce zai shanya a kan kwano da hunturu, ya tuna lokacin ne zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa, kuma ɓera ne ke kawo shi.

Yajin kilishi, wanda mu ke lashe yatsa a kansa, guba ne ga kare. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, kuma illar ba ta bayyana sai bayan kwanaki, ka ga dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Gishiri da dunƙulen miya sun yi masa yawa. Ƙuli-ƙulin da aka yi da gyaɗa mai fumfuna yana lalata masa hanta. Inabi da zabibi kan kashe ƙoda. Naman da za a ba kare ba ya son komai a kansa, zallarsa ake busarwa. Ƙashin kaza da ya ji wuta kuwa tsagewa yake yi kamar tsinke, yana iya huda hanji.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mushe. Akuya ta faɗi ta mutu, sai a ce a ba kare kada a yi asara. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta tabbatar da ɓullar cutar saifa, wato antaraks, a wata gona da ke Gajiri kusa da Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Ƙwayar wannan cuta tana shekaru a bushe ba ta mutu ba, kuma mai feɗe dabbar shi ne a sahun gaba. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko ta dubura, ba a taɓa ta, likitan dabbobi ake kira.

Na kanti ma ba a rufe ido a saya. Daga 2007 zuwa ƙarshen 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta karɓi ƙorafi a kan karnuka sama da 6,000 da suka yi rashin lafiya bayan cin busasshen nama, mafi yawansa ɗan Chaina, fiye da 1,100 kuma suka mutu.

Ƙwalama dai ƙwalama ce, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini. Hanta a riƙa ba kare kaɗan-kaɗan, yawanta na taɓa ƙashi. Dankalin Hausa da aka yanka fale-fale ya fi arha, karnuka kuma suna son sa. Da damina, da Agusta ta kama, abin da aka bari a leda ba ya jimawa yake fumfuna, don haka a bar abin da aka busar ya huce, a zuba a kwalba mai murfi, a sa a firji. Idan kare ya fara amai, ko gudawa, ko shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, a tsayar da ba shi, a kai shi asibitin dabbobi tare da ragowar abin da ya ci.