MORIKI: JAMA'A NA ƘARUWA, HANYA KE YANKA FARASHI

Moriki gari ne na manoma a ƙasar Zurmi, cikin Jihar Zamfara. Yana arewa da Ƙaura Namoda, bisa hanyar motar da ta nufi Shinkafi, ta zarce Isa da Sabon Birni har iyakar Nijar. Abin da aka fi nomawa a wannan yanki shi ne gero da dawa da wake da gyaɗa. To, abu biyu ne ke riƙe da arzikin gari irin wannan, watau yawan jama'arsa da hanyar da amfanin gonarsa ke bi ya kai kasuwa.

A ƙidayar 1963 an sami mutum miliyan 55 da ɗoriya a Nijeriya, a ta 2006 kuwa miliyan 140. A wannan ƙidaya ta biyu, ƙaramar hukumar Zurmi, wadda Moriki ke cikinta, tana da mutum kusan 294,000. Mutane na ƙaruwa, amma ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'ya huɗu ko biyar ke rabonta. Dā akan bar gona ta yi saura ta huta, yanzu ba hali. Saboda haka tilas sai da taki, tilas kuma a sayar da wani abu a sayi takin. Nan ne maganar hanya ta shigo.

Cikin 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙaura Namoda, nan ta tsaya. Daga lokacin Ƙaura ta zama matattarar gyaɗa da auduga, ana kawo su bisa jakuna da raƙuma, daga baya kuma a manyan motoci. Garuruwan da ke kusa, irin su Moriki, suka mori wannan kusanci, don duk mil ɗin da aka rage wa kaya, riba ce ta koma aljihun mai gona. Cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta karya wannan ciniki ƙwarai, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Yau mota ke ɗaukar kayan.

Abin lura shi ne, ba ɗan kasuwa ke biyan kuɗin mota ba, manomi ne. Mai saye yakan duba farashin buhu a Gusau, ya cire kuɗin mota da na 'yan dako da na haɗarin hanya, abin da ya rage shi zai taya. In hanya ta ɓaci da damina, ko direbobi suka ji tsoron 'yan bindiga, sai farashi ya faɗi a ƙauye, na taki da gishiri kuwa ya hau. An ga haka a 2021, sa'ad da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako saboda rashin tsaro, har da babbar kasuwar Alhamis ta Shinkafi.

To, ina dabara? Da fari, manomi ya gyara rumbunsa, ya busar da hatsi sosai, don kada tilas ta sa shi sayarwa da kaka. Na biyu, maƙwabta su haɗa kaya su cika mota guda, kuɗin kowane buhu zai sauka. Na uku, a sayo taki tun da rani, kafin ruwa ya sauka. Na huɗu, abin da ke saurin lalacewa, kamar tumatir, kada a noma shi da yawa sai an san motar da za ta kwashe shi.

Wanda ya lissafa hanya tun kafin shuka, ba ya cizon yatsa ranar awo.