Ledar Kanti: Yadda Ake Yi A Wasu Ƙasashe, Da Dalilin Sabon Tsarinmu Na Rabo



Tun da muka sanar cewa daga rabon kayan agaji mai zuwa ba za mu ƙara ƙulla wa kowa kaya a leda ba, tambayoyi suka yi ta zuwa ofishinmu. Wata uwa daga zumuntar mata ta tare mu bayan sujada, ta ce, "'Ya'yana, wanda ya iya ba da mudu goma na masara, ledar naira nawa ce za ta gagare shi?" Tambayarta tana kan hanya, kuma ba ita kaɗai take wannan tunani ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan zaga da ku manyan kantunan wasu ƙasashe, mu ga yadda suke yi da abin zuba kaya, kafin mu dawo gida.

Da farko dai, leda ba tsohuwar aba ba ce. Da yawa cikin dattawanmu sun girme ta. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya ƙirƙiro irin wannan mai hannu biyu, kamfanin da yake yi wa aiki ya yi mata rajista a shekarar 1965. Sai a 1982 manyan kantunan Amurka irin su Kroger da Safeway suka rungume ta, daga nan ta bazu ko'ina. Daga man fetur da iskar gas ake samo abin da ake yin ta, shi ya sa ƙasa ba ta cin ta yadda take cin ganye ko takarda. Kafin zuwanta iyayenmu da ƙwarya da kwando suke zuwa kasuwa, goro a ganye ake naɗe shi, tsire kuwa a takardar siminti, ba kuma wanda ya kwana da yunwa don rashin abin ɗauko cefane.

A Amurka, al'adar da aka saba da ita ita ce kanti ya yi wa mai saye hidima har ƙarshe. Ban da mai karɓar kuɗi, a kantuna da yawa akwai wani ma'aikaci a ƙarshen tebur wanda aikinsa ke nan zuba kaya a jaka, har yakan tambaye ka ko ta takarda kake so ko leda. In kayan suna da nauyi sai a ninka leda biyu. Mutum guda yakan fita da leda goma ko fiye a sayayya ɗaya, domin da mota ake zuwa, a sayi abincin mako guda. Amma ƙasar ba ta da doka ɗaya a kan wannan, kowace jiha da nata. Birnin San Faransisko ya hana manyan kantuna ba da leda a 2007, jihar Kalifoniya duka ta bi a 2016, jihar New York a 2020. A jihar Texas kuwa, babbar kotun jihar ta yanke hukunci a 2018 cewa birnin Laredo ba shi da ikon hana ta. Wato abin da yake laifi a wannan jiha, a waccan haƙƙin mai kanti ne.

Jamus kishiyar wannan ce. Wani ma'aikacinmu da ya je taro da ikilisiyoyin da suke tallafa mana a can ya ba mu labarin ranarsa ta farko a kanti. Ya biya kuɗi, ya tsaya yana jiran a zuba masa kaya. Mai karɓar kuɗi ta riga ta soma lissafin na bayansa, kayan wancan suna ta gangarowa kan nasa, mutanen da ke layi suna kallonsa shiru. A ƙarshe a hannu da aljihu ya kwashi burodi da madara da sabulu ya fita. A can kai ne za ka zo da jakarka, kai ne za ka zuba, da sauri kuma. In ka manta, jaka tana nan ƙarƙashin tebur, amma da kuɗinka. Ko keken zuba kaya sai ka sa kwabo yake sakuwa daga sarƙa, in ka mayar da shi kwabonka ya dawo. Haka ma robar ruwa da ta lemo: tun 2003 ana ɗora jinginar santi 25 a kan irin wadda ake sha a yar, in ka mayar da ita cikin injin kanti a ba ka kuɗinka. Daga farkon 2022 kuma aka hana kantuna ba da ledar cefane mara kauri gaba ɗaya, in ban da 'yar siririyar da ake zuba 'ya'yan itace. Ba mugunta ba ce ta sa suke haka. Kantuna masu araha irin su Aldi da Lidl sun gina kasuwancinsu ne a kan rage ma'aikata da rage kyauta domin farashi ya sauko, jama'a kuma suka saba.

A Japan, bayan ka biya, ka ɗauki kwandonka ka koma wani tebur na dabam ka zuba kayanka a natse. Sun daɗe suna ba da leda kyauta, sai a watan Yuli na 2020 doka ta ce a riƙa saye. Ƙasar Sin ta riga su, tun 2008.

Misalin da aka fi ambato shi ne na ƙasar Ayalan. A watan Maris na 2002 gwamnati ta ɗora harajin santi 15 na kuɗin Yuro a kan kowace leda, ta kuma ce lalle mai saye ne zai biya, a rubuta masa a rasit. Kafin nan an ƙiyasta kowane mutum yana amfani da leda wajen 328 a shekara. Cikin ɗan lokaci adadin ya faɗo zuwa wajen 21. Da aka ga ya soma hawa, sai aka ƙara harajin zuwa santi 22 a 2007. Ingila ta bi wannan hanya a 2015 da kwabo 5 na kuɗinsu a manyan kantuna, ta mayar da shi kwabo 10 a dukan shaguna a 2021. A ganinmu ba yawan kuɗin ne ya yi aiki ba, gama santi 15 ba ya talauta Bature. Abin da ya canja shi ne, a da miƙo maka ake yi ba ka roƙa ba, yanzu kuwa sai an tambaye ka, kai kuma ka tsaya ka duba ko da gaske kana bukata.

Ƙasashen da ba su da arzikin Turai kuwa, ba tsabtar ido ce ta dame su ba, rai ne. Bangaladash ƙasa ce ta koguna, ta sha mummunar ambaliya a 1988 da 1998. Da aka bincika magudanan ruwa na Dhaka, babban birninsu, aka tarar leda ta toshe su, ruwa ya rasa hanyar fita ya daɗe kwance cikin unguwanni. A 2002 ta zama ƙasa ta farko da ta hana siririyar leda, da begen jama'a za su koma jakar zaren da ake yin buhun algarara da shi, wanda suke nomawa da yawa. Sai dai dole mu faɗi gaskiya: bin dokar ya yi sanyi, leda ta sake cika kasuwanninsu, har gwamnati ta sake tayar da maganar a manyan kantuna a 2024.

A nahiyarmu Ruwanda ce ta yi suna. Ta hana leda a 2008, ta kuma riƙe dokar da gaske. A filin jirgin sama na Kigali akan karɓe leda daga kayan baƙo, a kanti kuwa a jakar takarda ake zuba maka. Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata jama'a suna fita aikin gayya, sharar unguwa tana ciki. Kenya ta zo da doka mai tsanani a watan Agusta na 2017: mai yin leda ko sayar da ita yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 4, ko tarar da ta kai shilin miliyan 4. Kantunan Nairobi suka koma sayar da jakunkuna masu kama da yadi da kuma ba da kwali, mata suka tono kwandunan saƙa da suka ajiye. Tanzaniya ta bi a 2019. Amma akwai waɗanda suka ji jiki. Mai sayar da yankakken ganye ko wake dafaffe a bakin hanya ba ta da ribar da za ta sayi jakar takarda, kuma masu fasa-ƙwauri suka samu sabuwar sana'a a kan iyaka.

Maƙwabtanmu ma sun taɓa. A Njamena ta Chadi hukumar birni ta tsananta hana leda a 2010. Kamaru ta soma aiki da nata hani a 2014, Nijar ma ta kafa doka a wannan shekara, amma duk wanda ya ratsa Maraɗi ko Garwa ya san baƙar leda tana nan rataye a kan ƙaya. A Nijeriya Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana leda a 2019, bai dai zama doka ba. Jihar Legas ce ta yi gaba: ta hana farin mazubin abinci na soso a 2024, ta soma tilasta hana siririyar leda a watan Yuli na 2025.

To, me ya sa abin yake tafiya a can, a nan yana tangal-tangal? Ga abin da muka lura. A Ayalan ko Jamus yawancin abinci ta manyan kantuna ƙalilan yake bi, kowannensu da injin lissafi da rasit, saboda haka in gwamnati ta kama waɗannan ta kama kusan kowa. Mu kuwa cefanenmu a kasuwa yake, da wurin mai tebur, da mai koko, da mai nama. Ban da haka, a wurinsu leda abin ɗaukar kaya ce kawai, a wurinmu kuwa ita ce mudu, ita ce kwano. Wadda ba ta da kuɗin kwalbar mai, ƙullin mai take saye. Sukari ƙulli, gishiri ƙulli, garin sabulu ƙulli, kunu da fura a leda, ruwan sha ma a leda. Talauci ne yake sa a sayi kaɗan-kaɗan, sayen kaɗan-kaɗan kuma shi yake haifar da leda. Wanda ya kwafo dokar Kenya ya ɗora wa mai ƙosai ba tare da ya ba ta madadi ba, ya ƙara mata nauyi ne kawai. Don haka ba mu zo mu ɗora wa kowa laifi ba.

Kada kuma a ɗauka kowace jakar da ba leda ba ce alheri ce. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da bincike a 2011 da ya nuna cewa, in aka dubi hayaƙin da ake fitarwa wajen yin su, sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi leda guda, ta takarda kuma sau 3. Wato ba sayen sabuwar jaka ne magani ba, amfani da wadda take hannu ne har ta tsufa. A wannan fanni kakanninmu ba su da abin koyo daga kowa.

Abin da ya kai mu ga wannan shawara kuwa, awaki ne. Kun san shirinmu na ba gwauraye akuya, in ta haihu a miƙa 'yar ga wata. A ziyarar da muke kaiwa mun sha tarar da akuyar da cikinta ya kumbura amma ƙashin bayanta a waje, ba ta cin abinci sosai, ba ta da nono. Dabba tana jin ƙanshin gishiri ko mai ko dusa a jikin leda, sai ta haɗiye, musamman da rani sa'ad da ciyawa ta ƙare. Leda ba ta narkewa, sai ta taru a tumbi ta dunƙule, ta cinye wurin abinci, dabbar ta yi ta ramewa alhali cikinta cike. Maganin tsutsa ba ya fitar da ita. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa in ya farke tumbi. Ga gwauruwa mai marayu, wannan akuya ita ce kuɗin makaranta, kuma mutuwarta ta yanke layin wadda take jiran 'yar. Da muka duba, sai muka ga a ranar rabo guda muna sakin ɗaruruwan leda masu ƙanshin abinci a ƙauye, a daidai filin da awakin nan suke kiwo. Mun ji kunya. Da hannu ɗaya muna bayarwa, da ɗayan muna kashewa.

Ga kuma lambatu da yake toshewa da damina, ruwa ya shiga ɗakunan ƙasa, mu dawo muna rabon tabarma da bargo. Ga ruwan da yake kwanciya cikin leda sauro ya yi ƙwai. Ga takin bola da ake kaiwa gona, rabinsa leda. Muna kuma roƙon iyaye mata su daina hura wuta da leda, gama hayaƙinta yana cutar ƙirji, yaron da ke goye kuma shi ya fi shaƙa.

Saboda haka ga yadda rabo mai zuwa zai kasance. Kowa ya zo da buhu ko kwando na hatsi, da kwano mai murfi na gishiri da wake, da galan ko kwalba mai tsabta ta mai. Tsofaffi, da 'yan'uwanmu da rikici ya raba da gidajensu, waɗanda ba su da ko ɗaya cikin waɗannan, kada su fasa zuwa. Matan ajin ɗinki suna ɗinka jakunkuna masu hannu daga buhunan hatsin da muka juye, za a ba kowane irin wannan gida guda ɗaya, a rubuta a katinsa, ya riƙa dawowa da ita. Ana biyan matan ladan ɗinkinsu daga kuɗin da dā muke sayen leda. Magunguna da gidan sauro za su zo cikin abin da aka naɗo su, amma za a ajiye buhu a bakin ƙofa domin a zuba ledar kafin a tafi. Muna roƙon fastoci da shugabannin zumuntar mata su karanta wannan sashe a majami'a Lahadi biyu kafin ranar, su kuma aiko wa ofishinmu yawan gidajen da za su bukaci jaka, domin masu ɗinki su san adadin da za su yanka.