Rangwamen Haraji Da Kwashe Guba A Ƙananan Garuruwan Amurka

Jama'a, wannan mako za mu ɗan ajiye zancen iri da noman rani, mu leƙa wata ƙasa mai nisa. Akwai abu biyu da ƙananan garuruwan Amurka ke yi wa kansu da kansu, watau rage wa mutum haraji kadan an yanka masa fiye da ƙima, da kuma kwashe ragowar guba daga gidajen mutane. Duka biyun sun shafi manomi. Da yake kowace jiha a can da irin tata doka, bari mu ɗauki guda ɗaya, jihar Masachusets, wadda babban birninta shi ne Boston.

Jihar nan tana da birane da garuruwa 351, yawancinsu ƙanana. A mafi yawan ƙananan, majalisar gari ita ce mutanen garin da kansu. Sau ɗaya a shekara, bayan sanyi ya wuce, duk wanda sunansa ke cikin littafin zaɓe yana da ikon zuwa zauren taro, ya yi magana, ya jefa ƙuri'a bisa kowane kuɗi da za a kashe: na makaranta, na hanya, na motar kashe gobara, na shara. Kadan mutum goma masu zaɓe suka sa hannu a takarda, tilas a sa maganarsu cikin jerin abubuwan da za a tattauna. Sauran kwanakin shekara kuwa wasu zaɓaɓɓu, uku ko biyar, su ke riƙe da al'amuran gari.

Mafi yawan kuɗin da ake kashewa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Kowane gari yana da masu ƙiyasi, aikinsu su faɗi nawa gida ko fili zai yi a kasuwa ran 1 ga Janairu. Tsofaffinmu da suka ji labarin malaman taki na zamanin En'e, waɗanda ke auna gona da ƙafa don yanka kuɗin ƙasa, ba za su ga baƙon abu a nan ba. (Takin awo nake nufi, ba na zubawa a gona ba.) In an gama ƙiyasi sai a raba kuɗin da gari ke bukata bisa dukiyar kowa, a ce dala kaza a kan kowace dala 1,000. Tun 1980 mutanen jihar suka kafa doka da ƙuri'arsu, cewa jimillar harajin da gari zai tara kada ta ƙaru fiye da kashi 2½ cikin 100 a shekara, ban da abin da sababbin gine-gine suka kawo, sai fa in mutanen garin sun yarda da ƙarin a akwatin zaɓe.

To, mai ƙiyasi ɗan Adam ne, yakan yi kuskure. Ga misali. A ce harajin gari dala 15 ne a kan kowace 1,000, aka yi wa gidan wani manomi ƙimar dala 300,000. Harajinsa ya kama dala 4,500 ke nan. Da ya duba takardar da ke ofis, sai ya ga an lissafa masa wani sito da ya rushe tun shekara biyu da suka wuce. Sai ya cika takardar neman rangwame, ya haɗa da shaida, ya kai. Kadan masu ƙiyasi suka zo suka gani da idonsu, suka mai da ƙimar dala 270,000, za a sauke masa dala 450.

Amma fa akwai sharuɗɗa masu tsanani, akawuna za su so su ji su. Na fari, lokaci. A garuruwan da ake biya sau huɗu a shekara, galibi ran 1 ga Fabrairu ake rufe karɓar takarda, wanda ya makara da kwana ɗaya ya rasa na wannan shekara, masu ƙiyasi kansu ba su da ikon yi masa alfarma. Na biyu, neman rangwame ba ya ɗauke biya. Sai mutum ya ci gaba da biya, in ya yi jinkiri a ɗora masa ruwa kashi 14 cikin 100 a shekara. Masu ƙiyasi suna da wata uku su ba da amsa. In sun ƙi, ko sun yi shiru har wa'adin ya cika, mai ƙara yana da wata uku ya ɗaukaka zuwa wata hukumar jiha mai sauraron ƙararrakin haraji. Har wa yau akwai sassauci na dabam ga makafi, da tsofaffi marasa ƙarfi, da sojojin da suka nakasa a bakin aiki. Wasu garuruwan ma sukan bar wanda ya wuce shekara 60 ya yi ɗan aiki a ɗakin karatu ko ofishin gari, a cire ladan daga harajinsa.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu. Bayan yaƙin duniya na biyu birane suka yi ta faɗaɗa, gonar da ke bakin gari ta zama abin sha'awar magina. Mai ƙiyasi ya zo ya yi wa gonar kabeji kuɗin filin gini, haraji ya fi abin da kabejin ke kawowa, manomi ya rasa yadda zai yi sai ya sayar. Wanda ya ga yadda Kano ta cinye gonakin da ke kewaye da ita ya san irin wannan matsi, ko da ta wata hanya ya zo. Jihar Maryland ce ta fara neman magani a 1956, New Jersey ta bi a 1964. Masachusets ta gyara tsarin mulkinta a 1972, ta yi dokar a 1973. Abin da dokar ta ce shi ne, a yi wa gona ƙima bisa amfanin noma da take bayarwa, a bar zancen abin da magini zai biya.

Ba kowane mai fili ke samu ba. Sai filin ya kai eka 5, an kuwa noma shi shekara biyu kafin nema, kuma ana sayar da amfanin da ya kai dala 500 a shekara, da ɗan ƙari bisa kowace eka da ta haura biyar ɗin. Gidan da manomi ke kwana ba ya ciki. Kowace shekara sai an sake nema. Ran da mai gona ya juya ta zuwa gini kuwa, gari zai karɓi ragin da aka yi masa na shekara biyar baya. Sa'an nan gari yana da kwana 120 ya yi shawara ko zai sayi gonar da kansa a kan kuɗin da maginin ya taya. Nan ne taron gari kan yi zafi, gama sayen gona da kuɗin jama'a sai an kai shi gaban jama'a.

Kada mai karatu ya zaci rangwamen nan daga sama yake faɗowa. Kuɗin da gari ke bukata bai ragu ba, saboda haka abin da aka ɗauke wa manomi yana komawa kan ɗan kasuwa da ma'aikaci maƙwabtansa. Me ya sa suke yarda? Domin sun yi lissafi. Gona ba ta aika yara makaranta, ba ta kiran ɗan sanda. Wata ƙungiya mai suna American Farmland Trust ta tara binciken garuruwa da yawa, ta ga a kan kowace dala da gona ta biya, hidimar da gari ke yi mata ba ta kai rabin dala ba, unguwar gidaje kuwa tana cin fiye da dalar da ta biya. A ganina inda dokar ta yi sako-sako shi ne dala 500 ɗin nan. Kuɗi ne ƙalilan a Amurka, attajiri mai faffaɗan fili yana iya sayar da 'yar ciyawa ya shiga sahun manoma.

Mu juya ga guba. A 1976 Amurka ta yi babbar doka a kan shara mai haɗari, amma da aka zo tsara ƙa'idodinta sai aka keɓe sharar gida, don ba mai iya sa ido a kowane madafi. Aka wayi gari masana'anta ba ta da ikon zuba gwangwanin maganin ƙwari a juji, mai gida kuwa yana da shi. Ƙananan garuruwa da yawa ruwan rijiya suke sha, jujin gari kuwa rami ne kawai. A watan Mayu na 1979 aka rufe rijiyoyi biyu na garin Woburn, kusa da Boston, bayan an sami sinadarin wanke ƙarfe a cikinsu, a unguwar da yara suka yi ta kamuwa da sankarar jini. Wannan daga masana'antu ne, amma ya sa kowa ya koma ya duba abin da ke ajiye a sitonsa. An hana amfani da DDT tun 1972, ga gwangwanayensa nan a gidaje ba wanda ya san inda zai kai su.

Garin Lexington yana cikin na farko da suka sa ranar karɓar irin wannan kaya, a 1982. Yau abin ya zama al'ada. Taron gari ya ware kuɗi, a ɗauko kamfani mai lasisi, a sa rana, yawanci Asabar. Mutum ya zo da mota da shaidar shi ɗan garin ne, ba ya ko fita, ma'aikata masu safar hannu su buɗe bayan mota su kwashe. Suna karɓar fentin mai, da maganin ƙwari da na ciyawa, da baƙin mai, da batir, da dogon ƙwan lantarki mai ɗauke da zaiba. Ana roƙon kowa ya bar abu cikin mazubinsa na asali, kada ya gauraya biyu. Aikin yana da tsada, shi ya sa garuruwa maƙwabta kan haɗa kai su yi wuri ɗaya. Ragowar maganin gona mai yawa kuwa ba a lissafa shi sharar gida, jihohi da dama suna da shiri dabam na karɓarsa daga manoma.

Mu a nan fa? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ayyukan nan biyu, ƙiyasta gidaje domin haraji da kwashe shara. Gubar kuwa ta fi kusa da mu, domin a ɗakin da muke kwana muke ajiye ta. Ga ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, ga ragowar Gamalin da aka sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu na duniya a 2009, ga maganin feshi da ake ɗurawa a kwalbar lemo a sayar a kasuwar ƙauye. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Malaman gona mun sha ganin jarkar maganin ciyawa ta koma ta man gyaɗa ko ta ruwan alwala, robar kuwa tana shan magani, sabulu ba ya fitar da shi duka.

Kafin wata ƙaramar hukuma ta sa ranar karɓa, ga abin da manomi zai yi da jarkar da ta ƙare. Ya tsiyaye ta cikin tankin feshi, ya zuba ruwa kamar rubu'inta, ya rufe ya girgiza sosai, ya juye a tankin. Ya yi haka sau uku, ya fesa ruwan a gonar da aka yi wa maganin, nesa da rijiya da rafi. Sa'an nan ya huda gindin jarkar da ƙusa don kada wani ya tsinta ya zuba abin ci. Kada ya ƙona ta a tsakar gida, hayaƙin guba ne. Ya ajiye ta tare da sauran maganin a wuri mai kulle wanda ba a sa hatsi, ya tambayi dillalin da ya sayar masa ko malamin gona na gundumarsa inda ake mayarwa.