Littafin Shaihu Umar a aji da kuma a ruga

Ga abin da muka tattauna a filinmu na ilimi, domin wanda shirin ya wuce shi yana wurin kiwo ko yana bisa hanya.

Maganar ta taso ne daga ƙorafin da iyaye ke yawan yi. Ka sa ɗanka makaranta don ya iya lissafi da karanta takarda, sai ga shi ya dawo da littafin labari a jaka. Ka ce, to, labari kuma ai kakarsa ma tana ba shi kyauta da dare. Gaskiyarka, amma tsaya ka ji. Akwai yaron da zai karanta maka shafi guda tiryan-tiryan, ka tambaye shi me aka ce, ya yi zuru. Bakinsa ya karanta, kansa bai ɗauka ba. Kai da ke shige da fice a Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Ƙonni, ka san irin takardun da ake miƙo maka: ta kwastan, ta rigakafin dabbobi, ta bashi. Wanda bai saba bin magana mai tsawo daga farkonta har ƙarshenta ba, a nan ake cutarsa. Littafin labari kuwa shi ne wurin da yaro ke koyon wannan bin, ba tare da ya gaji ba.

Mu ɗauki Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauchi, tun kafin ya zama Firayim Ministan Najeriya. Ya shigar da shi gasar rubutun Hausa da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, tare da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ɗan siriri ne, aljihun riga ma ya ishe shi. Labarin wani yaro ne, Umar, da aka sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe ɗan kasuwa mai suna Abdulkarim a Kano, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka sayar da ita. Ba zan faɗa maka ƙarshen ba.

Malamin da ya san aikinsa ba ya cewa "ku buɗe shafi na ɗaya" haka kawai. Sai ya fara tambayar yara: wa ya taɓa ɓacewa a kasuwa? Wa ya taɓa kwana a daji yana neman saniya? In hannuwa sun tashi, to kunne ya buɗe. Sannan ya karanta da kansa, da murya, shafi biyu ko uku, ya tsaya daidai inda zuciya ta ɗaga. Ya ce kowa ya rubuta layi uku, me yake jin zai faru. Gobe a duba wa ya canka. Ko littafin ɗaya ne tak a ajin, wannan hanya tana aiki, sai dai ya riƙa zagayawa hannu-hannu, kowa ya karanta nasa sakin layi.

Abin da ya fi burge ni shi ne taswira. A fita waje, a share ƙasa, a zana hanyar da Umar ya bi da sanda: ga Kagara, ga Kano, ga hamada, ga ƙasar Masar. A zana ta uwar daban, da ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Nan za ka ga ɗan makiyayi, wanda ba ya cika magana a aji, ya zama shi ne gwani, don shi ya san abin da ake nufi da zango, ya san nisan rijiya da rijiya ba wasa ba ne. Daga nan sai malam ya ce kowa ya zana hanyar gidansu, ta mashekari zuwa wurin rani, ko ta Maraɗi zuwa Katsina, ya rubuta sunan kowane zango da abin da ake samu a can. Yaro ya yi rubutun shafi guda bai ma san ya yi ba.

Sai wasiƙa. A ce wa yarinya, ke ce uwar Umar, ga ki a baƙon gari, rubuta masa. A ce wa yaro, kai ne Umar, ba ta amsa. Kafin su rubuta dole su koma littafin su duba me uwar ta sani a wannan lokaci, me ba ta sani ba tukuna. Wannan komawar ita ce karatun. Wasu malamai kuma kan kafa fada a aji, a sake shari'ar Makau, mijin uwar Umar, wanda 'yan hassada suka yi wa ƙulli aka kore shi daga gari. Masu ƙara da masu kariya kowa ya rubuto hujjarsa, kuma ba a karɓar hujjar da babu ita a littafin.

Maganar bauta fa, kada malam ya tsallake ta don kunya, kuma kada ya bari yara su mai da ita abin gori a tsakaninsu. A faɗi abin da ya faru, a tambaye su me ya sa aka iya raba uwa da ɗa a sayar.

In harshen gida Fulatanci ne ko Buzanci, a bar yaro ya fara ba da labarin da harshensa, sannan ya rubuta da Hausa. In kuma ya yi lakwal a Nijar ya dawo makaranta a Najeriya, kada a ja masa jan biro don ya rubuta ƴaƴa maimakon 'ya'ya. Kowace ƙasa da yadda take rubutawa.

To kai kuma, uba, ko ke uwa, ina naku aikin? Ba sai kun iya boko ba. In an ɗaure maruƙa an yi sallar isha'i, ka ce ya ba ka abin da suka karanta yau. Ka yi masa gardama: don me uwar ta yarda da mutumin da ba ta sani ba? Da kai ne fa? In za ku tashi kafin a gama littafin, ka je wurin malam ya nuna wa yaron inda aka tsaya, ka saya masa littafin rubutu ɗaya da biro biyu, ka sa su cikin leda saboda ruwa. A kowane zango ya rubuta layi biyar: ina kuka sauka, me kuka tarar, nawa aka sayar da tunkiya.